A cire ƙofofin motar daji gaba ɗaya, ko a sa rabin ƙofa, ko ta bututu?

Ranar da na fara cire ƙofar mota da hannuna tun ban kai ga ɗaga ta ba na yi ɓarna. Na kwance ɗan ƙarfen nan da ke riƙe ƙofa kar ta wangale ta wuce iyaka, na juya zan ajiye notin, kafin in waiwayo iska ta tura ƙofar ta tafi luuu, madubin gefe ya je ya daki bodi kusa da bonet, ƙwas! Har yau lotsawar tana nan kamar an danna babban yatsa a ɗanyar laka, kuma duk wanda ya san harkar yana gani zai yi dariya dan ya san abinda ya faru. Toh tun daga ranar na gwada kusan kowane salo, na yi yawo ba ƙofa sam, na sa ta bututu, na sa rabi, na kuma mayar da cikakkiya na zauna lafiya, shi ya sa idan aka tambaye ni wanne ya fi bana saurin amsawa sai na ji irin tuƙin da mutum yake yi, musamman irin gudun da yake yi.

Dan ni a wajena gudu ne alƙalin wannan maganar. Duk daɗin da ke cikin cire ƙofa a tafiyar hawainiya yake, duk sharrin da ke ciki kuma a gudu yake fitowa.

Amma fa kafin a je nan, ba kowace mota ake yi wa wannan ba. Motocin da aka ƙera dan a dinga cire musu ƙofa sanannu ne, Jeep Wrangler, da ɗan uwanta Gladiator mai buɗaɗɗen baya da ya fito a matsayin ƙirar 2020, sai Ford Bronco sabuwa da ta dawo a 2021. Asalin abin ma daga jif ɗin sojan Amurka ne na yaƙin duniya na biyu, Willys MB, wadda ita ko ƙofar ba ta da shi, soja ya yi tsalle ya hau ya yi tsalle ya dira. Da aka gama yaƙi aka fara sayar wa farar hula irinta mai suna CJ a 1945, daga baya Wrangler ta gaje ta daga ƙirar 1987, kuma har yau hinjin ƙofarta a waje yake kana kallonsa, an yi shi ne ka kwance ka ɗaga sama ta zare. Waɗannan motocin bodinsu a kan shasi yake zaune, ga ƙarafan kariya sun zagaye saman kujeru. Ita kuwa mota ta yau da kullum da aka haɗe bodi da shasi abu ɗaya, ko da tana jan taya huɗu, ba a tsara ta da niyyar tafiya ba ƙofa ba, wayoyinta ma ba su da soket ɗin da zaka zare cikin sauƙi, wata ma na'urar da ke jin an daki mota ta gefe ta saki jakar iska a cikin ƙofar take. Wannan kam dan Allah a bar mata ƙofarta.

To mu ɗauka kana da wadda aka yi dan haka. Me ake samu idan aka cire gaba ɗaya?

Gani. Wannan shi ne babba, sauran duk ƙari ne. Idan kana hawan duwatsu a giya ta ƙasa, mota na tafiya kamar mai takawa da ƙafa, abinda kake buƙata shi ne ka ga inda tayar gaba ta ɓangarenka za ta sauka, a kan dutsen ko a cikin ramin da ke gefensa, dan tazarar tafin hannu ɗaya ce tsakanin ka wuce lafiya da ka ji ƙarar dutse yana gurzar cikin motar. Da cikakkiyar ƙofa sai ka sauke gilashi ka zuro kai kamar kunkuru har yanzu baka ganin tayar sosai. Ba ƙofa kuwa duba ƙasa kawai zaka yi, ga taya ga dutse, tayar baya ma kana ganinta idan ka ɗan karkata. Kuma mai yi maka jagora daga waje kana jin muryarsa tar. Shi ya sa a wurare irin Moab a jihar Yuta, inda ake taron masu jif duk shekara lokacin Ista tun 1967, ko hanyar Rubicon a Kalifoniya mai tsawon kusan kilomita 35 da mutane ke kwana a kanta saboda wahalarta, zaka ga motoci rututu ba ƙofa. Ba gayu ba ne kawai, ƙofar da ka bari a gida dutse ba zai lotsa ta ba.

Sai iska da nishaɗi, wannan ba sai an yi dogon bayani ba, gani ya kori ji. Sai nauyi, ƙofar gaba ɗaya tana kai kilo 20 ko fiye, ta tsohuwar ƙirar Wrangler da ake kira JK mai ƙarfe ta fi ta magajiyarta JL nauyi dan ita JL da ta fito a 2018 alminiyon aka yi mata, idan ka haɗa huɗu ka sauke wa mota nauyin mutum guda kenan. Amma kar wani ya ruɗe ka da maganar ragin shan mai, abinda ka rage a nauyi iska za ta karɓe idan ka hau kwalta dan motar ta koma kamar buɗaɗɗen kwando.

Yanzu kuma ɗaya gefen. Kamfanin Jeep da kansa a littafin mota ya yi gargaɗi cewa tafiya ba ƙofa na daji ne, kar a hau titi haka dan an rasa kariyar da ƙofa ke bayarwa, kuma ba wai dan su wanke kansu kawai suka faɗa ba. A cikin ƙofa akwai ƙarfen da aka gindaya dan ya tare duka daga gefe, idan ka cire ta kuma wani ya tsallake danja ya shigo ta haƙarƙarinka, babu komai tsakanin bambarsa da cinyarka. Bel ne kaɗai ke riƙe da kai a cikin motar. Mutumin da ya saba baya ɗaura bel wallahi bashi da hurumin cire ƙofa, kwana ɗaya mai kaifi ko rami ɗaya ya isa ya watso shi waje.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba wanda ni shi ya fi bani tsoro, kuma a dajin ma yake faruwa ba a titi ba. Idan mota ta fara karkata za ta kwanta, jikin ɗan adam baya shawara da ƙwaƙwalwa, ƙafa ce za ta fita da kanta ta je ta tokare ƙasa, ko hannu, kamar kana kan keke. Alhali motar nan ta kusa tan biyu ko ma ta haura. Ƙofa tana hana wannan ƙafar fita, ba ƙofa kuwa sai dai tarbiyyar da ka yi wa kanka, hannu biyu a sitiyari ƙafa a ciki komai ya faru. Fasinja ma sai ka gaya masa tun kafin a tashi, ya riƙe mariƙi na ciki ko bel ɗinsa, kar ya kuskura ya zagaya yatsunsa a bayan ƙarfen kariya na sama dan nan ne wajen da zai fara taɓa ƙasa. Saboda wannan ne ma na tsani ƴan matakan nan da ake sayarwa ana ɗaurawa a mazaunin hinji dan direba ya miƙe ƙafa waje yana tuƙi, a hoto suna da kyau, amma reshe ɗaya ko tsakuwa ɗaya da tayar gaba ta harbo ta isa ta canza maka ra'ayi.

Ƙananan wahalhalu kuwa ba a magana. Tayar gaba duk abinda ta taka gefenka take watso shi, taɓo, ruwan kwata, tsakuwa, kashin dabbobi. Ƙura tana shiga ta yi ta juyawa a ciki ta zauna a dashbod da kujeru har cikin haƙoranka. Esi ya zama hoto, hita ma haka. Duk takardar da ka ajiye a kujera ta tafi, hula ta tafi, waya idan tana aljihun gefe na wando ita ma tana iya bin su kuma ba zaka ji faɗuwarta ba. Rana ta ƙona maka cinya ɗaya da hannu ɗaya ka dawo gida kala biyu. Ruwan sama idan ya kama ka a hanya shikenan sai haƙuri, duk da dai Wrangler tana da ƴan toshe a ƙasan dandamali da ake zarewa ruwa ya tsiyaye, wasu nau'ikan Bronco ma haka, amma kujerar yadi idan ta sha ruwa warinta sai ta yi kwanaki. Sannan duk inda ka yi fakin motarka a buɗe take ga kowa, abinda baya cikin akwatin da ke kulluwa ka ɗauke shi ka tafi da shi. Yara ƙanana da kare kuwa ni ban ma yarda a sa su cikin lissafi ba.

Ƙofar bututu, wato wadda aka lanƙwasa faif aka yi mata siffar ƙofa, ita mutane da yawa ke gudu wajenta suna ganin sun raba gardama. Tana da amfaninta. Tana hawa kan hinjin asali ta kulle a mazaunin asali, ba nauyi, mutum ɗaya zai sa ta cikin minti kaɗan, kana ganin taya ta tsakanin bututun kusan kamar ba ƙofa, akwai wajen ɗora gwiwar hannu, da yawansu kuma suna zuwa da wajen ɗaura madubi wanda wannan ba ƙaramin abu ba ne, zan zo kansa. Fasinja mai tsoro hankalinsa ya fi kwanciya, idan aka ƙara mata raga ko tamfol tana tare jaka da gora kar su gangara waje, tana kuma ɗan rage wa ƙafa hanyar fita. Amma kallon kitse ake yi wa rogo idan aka ɗauka kariya ce daga haɗari. Masu ƙera su ma galibi suna rubutawa cewa na daji ne, ba a yi su dan su tare mota ba. Hatsarinta ma a nan yake, tana sa mutum ya ji kamar yana da ƙofa sai ya taka mota a babban titi yadda ba zai taka ba da babu komai a gefensa. Taɓo da ƙura da ruwa kuma duk suna shigowa yadda suka ga dama. Masu araha a cikinsu ga ƙara, kacau kacau duk hanya, ga tsatsa da ke fara cin wajen walda bayan an sha ruwa sau biyu uku.

Rabin ƙofa ita ce ni na fi so, kuma ba zan ɓoye ba. Ƙofa ce ta gaske daga ƙasa zuwa wajen kwankwaso ko ƙasan haƙarƙari, sama a buɗe, idan ana ruwa ko sanyi sai ka cusa mata saman tamfol mai tagar roba da zif. Tsofaffin Wrangler irin YJ da TJ da yawa da ita suka fito daga kamfani, ita JL ma daga 2021 aka fara ba da zaɓin mutum ya sayi motar da ƙofofi kala biyu, cikakku da rabi. Abinda taya ta watso tana tare shi, ƙafarka tana ciki ko ka so ko ka ƙi, madubi yana nan, makulli yana aiki, kayanka basa zubewa, kuma da yake bakinta ƙasa yake ka ɗan leƙa kawai zaka ga taya, bai kai na ba ƙofa ba amma ya fi na cikakkiya nesa ba kusa ba. Aibinta kuɗi, ita ta fi duka tsada musamman ta kamfani mai fenti kalar motar, ga shi har yanzu sai ka nemi inda zaka ajiye cikakkun. Saman tamfol ɗin kuma a gudu yana kaɗawa yana ihu, tagar robar tana dishewa da karce idan kana goge ta da busasshen tsumma, kuma idan ka zo biyan kuɗin hanya ko karɓar tikitin fakin sai ka tsaya zuge zif kamar mai buɗe jaka. Akwai kuma ƙofar tamfol zalla mai firam ɗin ƙarfe siriri, wannan ba wata doguwar magana, laima ce kawai, ka naɗe ta a baya saboda ruwa.

Barin ƙofa yadda take shi ma zaɓi ne fa, kuma ba abin kunya ba ne. Wanda motarsa ita ce ta zuwa aiki, ita ce ta kai yara makaranta, daji sai sau ɗaya a wata, ya cire rufin gaba kawai ya sauke gilasai ya samu kaso mafi yawa na iskar ba tare da ya taɓa sifana ba. A dajin ma akwai inda ƙofa ta fi, hanya mai ƙaya da rassa, rairayi da ake gudu a kai, taɓo mai zurfi, tsallaka rafi, wajen sanyi. Duk waɗannan wanda ya cire ƙofa shi zai sha jiki.

Maganar madubi da doka. A Wrangler da Gladiator madubin gefe a jikin ƙofa yake, ka cire ƙofa ka cire madubi, har da ƴar fitilar nan da ke nuna akwai mota a gefen da baka gani idan taka tana da ita. Dole ka sayi wani ka ɗaura a mazaunin hinji ko jikin firam ɗin gilashin gaba, kuma masu arahar rawa suke yi a gudu baka ganin komai sai dishi dishi. A nan Ford ta yi wayo, madubin Bronco a jikin bodi yake ƙasan gilashin gaba, ka cire ƙofa yana nan daram. Ƙofar Bronco kuma ba ta da firam a sama, idan ka sauke gilashi gajera ce, shi ya sa mai ƙofa huɗu ana iya sa ƙofofinta a jakunkunansu a jera a but a tafi da su, hadari ya taso ka tsaya ka mayar. Ta Wrangler mai firam ce doguwa, galibi a gida ake barinta, idan ka fita ka fita kenan. Ita kuma Wrangler tana da nata, gilashin gabanta yana kwantawa a kan bonet, a JL bayan an cire waifa noti 4 ake kwancewa, Bronco ba ta yin haka. Wanda cire ƙofa akai akai ne babban burinsa kuma bai sayi mota ba tukuna, a wannan fagen kaɗai ni Bronco zan nuna masa.

Doka kuwa kowace ƙasa da tata, a Amurka ma kowace jiha da tata, yawanci abinda suke kamawa madubi ne ba ƙofar kanta ba, wasu jihohin ɗaya ya isa wasu biyu. Jihar Fensilbeniya ta daɗe tana hana hawa titi ba ƙofa sai a 2024 gwamna Josh Shapiro ya sa hannu a dokar da ta halatta wa motocin da aka ƙera da ƙofa mai ciruwa, da sharaɗin madubin gefe. Ka binciki ta inda kake, ka kuma tambayi masu inshorarka tun kafin abu ya faru.

Idan ka yanke cirewa, aikin kansa ba wuya. Ka yi fakin a shimfiɗaɗɗen waje inda ba iska, ka sauke gilashi har ƙasa dan kar ya fashe kuma ka samu wajen riƙewa, sannan ka kashe mota kafin ka taɓa waya. A JL notin hinji da abin kwance noti mai lamba T50 ake kwance su, lambar ma an buga ta a jikin hinjin, shi kuma ƙarfen riƙon ƙofa T40, kayan aikin suna zuwa da motar, a ƙarƙashin dandamalin but akwai ƴan ramuka da aka yi dan ajiye notin, ka sa su nan kar ka zuba a aljihu. Soket ɗin waya yana ƙasan dashbod ta wajen ƙafa, na ƙofar baya a jikin ginshiƙin tsakiya, yana da ɗan makulli, a hankali ake buɗe shi ba fizga ba dan idan fil ɗaya ya lanƙwashe gilashi ko makulli zai daina aiki ka yi ta neman dalili. Da zarar ka saki ƙarfen riƙo kar hannunka ya bar ƙofar, ka tuna lotsawata. Sai ka rungume ta ka ɗaga sama sak, da gwiwa ba da baya ba, idan farkon cirewa ne ko motar ta sha shekaru za ta yi gardama, ɗan feshin mai da jijjigawa a hankali ya fi guduma. Tsofaffi irin TJ fitilar ciki tana zama a kunne dan motar ta ɗauka ƙofa a buɗe take, sai an zare fiyus ɗinta in ba haka ba ka wayi gari batir ya mutu.

Ajiya ita ce mutane basa tunani sai ƙofa na hannunsu suna waige waige. Kar ka dasa ta a kan siminti tsirara, bakin ƙasan fenti zai ɓare tsatsa ko ruɓewa ta samu ƙofar shiga, kar ka kwantar da ita a kan madubi. Ko maratayi a bango, ko ɗan keken ajiya, ko aƙalla tsohon bargo da katako a jingine inda yaro ba zai ture ba. Wanda yake zaune a bene ba gareji ya yi wannan lissafin da kyau, ƙofa huɗu hawa uku ba wasa ba ne. Wajen mayarwa ka shafa ɗan giris a fil ɗin hinji, ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ka fara saita dogon sannan gajeren ya bi, kar ka ɗaure notin kamar kana fushi da shi.

Ni dai yanzu tsarina shi ne rabin ƙofa take kai yawancin shekara, lokacin sanyi in mayar da cikakku. Ranar da za a hau duwatsu da ƙofofina nake tafiya har bakin hanyar, a can nake zare na gaba biyu kawai in jingine su a tanti a kan bargo, na baya in bar su saboda kaya da masu zama a baya. Idan an gama in mayar kafin taya ta taɓa kwalta, minti goma bai cika ba. Na bututun kuwa tun bara suna rataye a bangon gareji, igiyar ja da tsohon tiyo nake ratayewa a jikinsu.